Wa ke da ikon cewa a tashi? Abin da sabon zuwa Amurka ya kamata ya sani game da gundumarsa kafin ranar bala'i

Wanda ya sauka Amurka yakan haddace sunan garinsa da na jiharsa da lambar gidan waya ta unguwarsu tun a makon farko, domin ba a cike takarda sai da su, amma yana iya daɗewa bai san sunan gundumar da yake kwana a cikinta ba. A ranakun zaman lafiya wannan ba ya cutar da kowa. Ranar da ambaliya ko mahaukaciyar guguwa ko dusar ƙanƙara ta taso kuwa, da sunan gunduma ake fitar da gargaɗi, da shi ake rufe hanyoyi, da shi ake buɗe wuraren fakewa, kuma bayan ƙura ta lafa da shi gwamnatin tarayya take tantance waɗanda suka cancanci neman tallafi. Gundumar da nake nufi ita ce wadda suke kira kawunti. Akwai sama da 3,000 a ƙasar, jihar Teksas kaɗai tana da 254, kuma kusan kowacce tana da zaɓaɓɓun shugabanninta da harajin gidaje da take karɓa da kasafin kuɗinta.

Mu da muka taso a Najeriya ko Nijar mun saba idan masifa ta auku mu zuba wa Abuja ko Yamai ido, mu jira hukumar agaji ta ƙasa ko tawagar gwamna, domin ƙaramar hukuma ba ta cika samun abin hannu ba. A Amurka daga ƙasa ake farawa. Gari da gunduma su ne masu alhakin farko, idan abin ya fi ƙarfinsu su nemi jiha, idan ya fi ƙarfin jiha sai gwamna ya rubuta wa shugaban ƙasa a ƙarƙashin dokar agajin bala'i ta tarayya, wato dokar Stafford ta 1988. Hukumar agajin gaggawa ta tarayya, wato FEMA, wadda aka kafa a 1979, ba ita ke ba da umarnin kwashe mutane ba, kuma ba ita za ta zo da kwalekwale a daren farko ba. Dalilin wannan tsari shi ne abin da Bahaushe ya daɗe da sani, cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: jami'in gunduma ne ya san gadar da ruwa ke fara shanyewa da gidan tsofaffin da ba shi da janareta.

Abin da ke rikita sabon zuwa shi ne babu amsa guda ɗaya ga tambayar wa ke riƙe da iko a gunduma, domin kowace jiha da tata dokar. Teksas ce ta fi fayyace lamarin, kuma tunda 'yan'uwa da yawa suna Houston da kewaye, ya dace a tsaya a kanta. A can shugaban gunduma ana kiransa alƙalin gunduma, ko da yake a manyan gundumomi aikinsa mulki ne ba shari'a ba, kuma yana zama da zaɓaɓɓun kwamishinoni huɗu a majalisar da ke tafiyar da gundumar. Dokar jihar ta naɗa shi daraktan ayyukan gaggawa na gundumarsa, kamar yadda ta naɗa magajin gari a cikin birni. Shi kaɗai yana iya ayyana dokar ta-ɓaci, amma ba za ta wuce kwana bakwai ba sai majalisar kwamishinonin ta amince. Yana iya ba da umarnin kwashe mutane dole, kuma idan shawararsa ta ci karo da ta magajin gari, dokar ta ce tasa ce a sama.

An ga yadda wannan ke aiki a watan Agusta na 2017, lokacin guguwar Harvey, wadda ta zubar da ruwan da ya haura milimita 1,500 a wasu wurare na gabashin jihar. Gwamna Greg Abbott ya shawarci mutane su yi tunanin barin yankin, amma Ed Emmett, alƙalin gundumar Harris na lokacin, wato gundumar da mafi yawan Houston ke ciki, da magajin garin Houston, Sylvester Turner, suka ce a zauna a gida, kuma ba a kwashe birnin ba. Abin da ke zuciyarsu shi ne guguwar Rita ta 2005, lokacin da miliyoyin mutane suka hau hanya a lokaci guda cikin tsananin zafi, motoci suka cushe, mai ya ƙare, sama da mutum 100 suka rasu a wajen gudun, har da tsofaffi 23 da motar bas ta kama da wuta da su kusa da Dallas. Har yau ana muhawara kan ko shawarar 2017 ta yi daidai. A ganina hujjarsu tana da ƙarfi, domin manyan hanyoyin da mutane za su bi su ne ruwan ya cinye. Abin da ya shafi sabon zuwa shi ne, a ranakun nan maƙwabciyar gunduma, Fort Bend, ta umarci wasu unguwannin bakin kogin Brazos su tashi dole. Iyalai biyu da ke salla a masallaci ɗaya sun iya samun umarni biyu masu saɓani, kuma kowanne daidai ne ga gidansa.

Wanda ya bar Teksas ya koma Karolaina ta Arewa, inda 'yan Nijar da yawa suke zaune a Greensboro cikin gundumar Guilford, zai tarar da akasin haka. A can dokar ta-ɓacin da gunduma ta ayyana ba ta shiga cikin iyakar birni sai idan hukumar birnin ko magajin garinsa ya amince ko ya nema, saboda haka mazaunin cikin gari dole ya saurari muryoyi biyu. A Kalifoniya majalisar masu kula da gunduma ce ke tabbatar da dokar cikin kwana bakwai idan wani jami'i ne ya ayyana ta, kuma sau da yawa sherif, wato zaɓaɓɓen shugaban 'yan sandan gunduma, shi ke ba da umarnin tashi lokacin gobarar daji. A Fulorida ma wa'adin kwana bakwai ne, ana sabunta shi, kuma gundumomin bakin teku sun raba unguwanni zuwa shiyyoyin kwashewa masu haruffa, A da B da C, ta yadda sanarwa za ta ambaci harafi kawai, wanda bai san nasa ba ya rasa inda ya tsaya. A Ohayo sherif ne ke ayyana matakan dusar ƙanƙara guda uku, kuma a mataki na uku hanyoyi a rufe suke ga wanda ba ma'aikacin gaggawa ba, har ana iya kama wanda ya fito ba tare da larura ba. Masu tuƙin haya da masu kai saƙo su lura da wannan sosai, domin hujjar cewa aiki ne ya fito da mutum ba lallai ta karɓu ba.

Akwai kuma wuraren da tsarin ya sha bamban gaba ɗaya. Bronx, ɗaya daga cikin sassan birnin New York, gunduma ce a takarda, amma gwamnatin birnin New York ce ke tafiyar da ayyukan gaggawa na dukan sassan birnin biyar, kuma sanarwarta tana fitowa ta tsarin saƙonnin gargaɗi mai suna Notify NYC. Jihar Connecticut ta soke gwamnatocin gunduma tun 1960, garuruwa ne ke riƙe da aikin. A ɗaya gefen, Silver Spring a Maryland ba shi da magajin gari ko kaɗan, gwamnatin gundumar Montgomery ce gwamnatinsa, ƙarƙashin zaɓaɓɓen shugaban zartarwa. Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin sunan garin da ke kan ambulan ɗin wasiƙarku ba hujja ba ce cewa kuna cikin iyakar garin. A gundumar Harris kusan mutum miliyan biyu ne ke zaune a wajen iyakar kowane birni, da yawansu adireshinsu yana cewa Houston, alhali maganar magajin garin ba ta hau kansu ba.

A ƙarƙashin mai iko akwai wani jami'i da ba a cika jin sunansa ba, wato mai tsara ayyukan gaggawa, wanda ma'aikaci ne ba ɗan siyasa ba. Shi ke rubuta kundin shirin gunduma, wanda ya fayyace wa zai buɗe makarantu a matsayin mafaka, wa zai share hanya, wa zai kula da asibitoci, da kuma wa zai karɓi iko idan shugaban ya yi tafiya ko ya kasa. Shi ke buɗe cibiyar gudanarwa inda wakilan 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da sashen lafiya da kamfanin wuta suke zama a ɗaki ɗaya. A wurin da abin ya faru kuwa, mutum ɗaya ne kwamanda, yawanci babban jami'in kwana-kwana, kuma kowa yana karɓar umarni daga shugaba guda. Wannan tsari ya samo asali ne daga gobarar dajin Kalifoniya ta 1970, inda rundunoni daban-daban suka taru ba tare da sun iya fahimtar juna ba, kuma tun 2004 ya zama ƙa'idar ƙasa baki ɗaya. Amfanin sanin haka shi ne kada ku ɓata lokaci kuna roƙon ɗan sandan da ke bakin shinge ya bar ku ku shiga ɗauko fasfo, domin ba shi ya rufe hanyar ba kuma ba shi da ikon buɗe ta. Fasfo da katin zama da takardun haihuwar yara su kasance a jaka guda wadda ruwa ba ya shiga, a inda hannu zai kai gare ta cikin duhu.

Abin da nake ba kowane magidanci shawara ya yi tun a watan farko kaɗan ne. Ku nemo sunan gundumarku, ku tabbatar ko kuna cikin iyakar birni, sannan ku shiga shafin ofishin gaggawa na gundumar ku yi rajistar saƙonnin gargaɗi da lambar wayarku da adireshinku. Saƙon da ke sa waya ƙara da kanta yana zuwa ba tare da rajista ba, amma ba kowace sanarwa ake aikawa ta wannan hanya ba. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa tana fitar da sanarwa iri biyu, ta farko, watch, tana nufin a sa ido domin abin yana iya faruwa, ta biyu, warning, tana nufin ya riga ya taso ko yana dab da tasowa, kuma yana da kyau kowa a gidan ya iya bambance kalmomin biyu a fuskar waya, har da uwar gida ko dattijuwar da aka ɗauko renon jikoki wadda ba ta jin Turanci. Idan akwai mai amfani da injin numfashi ko mai zuwa wankin ƙoda, a tambaya ko gundumar tana da rajistar masu larura ta musamman, kamar yadda dokar Fulorida ta tanada. Lambar 911 ta hatsarin rai ce, kuma manyan cibiyoyinta suna iya haɗa mai kira da tafinta idan ya ambaci sunan harshensa. Tambayar inda mafaka take ko inda ake raba ruwa ta 211 ce, ko 311 a biranen da ke da ita.

Na san akwai waɗanda tsoron batun takardu yake hana su kusantar duk wani wuri da ke da alaƙa da hukuma, kuma ba na raina wannan tsoro. Ƙungiyar Red Cross, wadda ke tafiyar da wuraren fakewa da yawa tare da gundumomi, ta bayyana cewa ba ta tambayar matsayin shige da fice na wanda ya zo neman mafaka. Tallafin kuɗi na FEMA shi ne mai sharaɗi: na 'yan ƙasa ne da wasu rukunan baƙi, kamar masu katin zama na dindindin da waɗanda aka ba mafakar siyasa, kuma iyaye suna iya nema a madadin ƙaramin ɗansu ɗan ƙasa da ke zaune tare da su. Dokokin shige da fice suna sauyawa, saboda haka mai shakka ya tuntuɓi lauya ko ƙungiyar da ke taimakon baƙi kafin ya cike takarda, amma kada shakkar ta zaunar da shi da 'ya'yansa a gidan da ruwa ke hawa.

Bayan bala'i, ayyanawar shugaban ƙasa tana lissafa gundumomi ne ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda gundumarsa ba ta cikin jerin ba zai samu tallafin ɗaiɗaikun mutane ba ko da ɓarnarsa ta kai ta maƙwabcinsa na tsallaken iyaka. Shigar gunduma cikin jerin ta dogara ne a kan ƙididdigar ɓarnar da jami'anta suka tattara suka miƙa wa jiha. A nan ne wata ɗabi'armu mai kyau take iya yi mana illa, domin mun saba mu ce Allah Ya mayar da alheri, mu share gida, mu yi shiru. Tawakkali ba ya hana ɗaukar hoton ɓarna kafin a share, da kai rahoto ga ofishin gunduma, da ajiye rasit na duk abin da aka saya ko ɗakin otal da aka kama. Gidan da ba a ƙirga ba yana rage adadin da za a duba wajen yanke hukunci a kan unguwar gaba ɗaya, kuma wa'adin neman tallafin yawanci kwana 60 ne daga ranar ayyanawa. Masu haya su sani cewa inshorar kayan ɗaki ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai an sayi ta ambaliya daban, wadda galibi ba ta fara aiki sai bayan kwana 30.

Ga shugabannin ƙungiyoyinmu da limamai da fastoci, ofishin gaggawa na gunduma yana neman mutane irinku, domin ya san akwai gidajen da sanarwarsa ba ta isa. Gundumomi da yawa suna ba da horon sa-kai kyauta mai suna CERT, wanda ya faro daga rundunar kwana-kwana ta Los Angeles a 1985, inda ake koyar da kashe ƙaramar wuta da taimakon farko da binciken gini cikin kimanin awa 20. Idan mutum biyu ko uku daga kowace ƙungiya suka yi wannan horo, kuma aka ɗora wa ɗaya daga cikinsu alhakin mayar da sanarwar gunduma zuwa Hausa da murya a zauren WhatsApp, tare da faɗin sunan gundumar da sanarwar ta shafa da lokacin da aka fitar da ita, za a rage saƙonnin da ake turowa daga wata jiha ko wata shekara waɗanda ke tayar da waɗanda ya kamata su zauna, su zaunar da waɗanda ya kamata su tashi.