Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a kan matakan kuzarin atam

In ka ba ɗalibai goma alli ka ce su zana matakan kuzarin atam ɗin haidirojin, wato matakan da ilektiron ɗinsa ke iya zama a kai, yawancinsu tsani za su zana maka, tazara ɗaya daga ƙasa har sama. Ba haka abin yake ba. A tsarin da Niels Bohr ya fito da shi a 1913, kuzarin mataki na n shi ne −13.6 eV a raba da n sau n (eV, wato ilektiron-volt, ma'aunin kuzari ne). Na farko −13.6, na biyu −3.4, na uku −1.51. Ka ga daga na farko zuwa na biyu tsalle ne babba na 10.2, amma daga na biyu zuwa na uku 1.89 ne kacal. Kana hawa suna ƙara matsewa, har su ƙare a sifili. Don haka ka bar fili a ƙasan zanenka, ka cunkushe saman.

Alamar ragin nan kuwa ta kayar da mutane da yawa. Sai yaro ya ga 13.6 ya fi 3.4, ya ce matakin farko ne ya fi kuzari. Ka ɗauke shi kamar bashi: wanda ake bi 13.6 ya fi wanda ake bi 3.4 nutsewa. Ilektiron da ya samu 13.6 cif ya biya bashinsa, ya bar atam ɗin gaba ɗaya, kuma wannan daban yake da hawa mataki, inda har yanzu yana gida.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na foton, wato ƙwayar haske. A ce foton mai 11 eV ya faɗo kan haidirojin da ke matakin farko. Ɗalibi zai rubuta wai ilektiron ya hau na biyu, saura 0.8. A'a. Foton ba a ba shi canji. In bai yi daidai da tazarar ba, wucewa yake yi abinsa. Amma in ilektiron ne mai 11 eV ya yi karo da atam ɗin, zai iya ba da 10.2 ya tafi da ragowar. Abin da masana kimiyya Franck da Hertz suka nuna ke nan a 1914 da tururin zaiba, inda tazarar take 4.9 eV. Kafin ka taɓa kalkuleta, duba tukuna: foton ne ko ilektiron?

Wasu kuma suna zaton haske yana fitowa ne lokacin hawa. A saukowa yake fitowa. Barbaɗa ɗan gishiri a kan wutar gas ta kicin, za ka ga ta yi rawaya. Ilektiron ɗin sodiyam da ke cikin gishirin ne ke saukowa yana sakin haske mai tsawon zango 589 nm (nanomita).

Molekul kuma, wato atam biyu ko fiye da suka haɗu, kada ka liƙa masa lissafin Bohr. Ban da matakan ilektiron, yana da na girgiza da na juyawa, ƙanana jere a cikin manyan. Shi ya sa haskensa ke fitowa a dunƙule, layuka gab da juna, maimakon ɗai-ɗai irin na atam.