Yadda Ake Mayar da Hoto Zanen Kwamfuta, a Buga Shi, a Kuma Nema Masa Kasuwa a Zariya

Daga Samaru zuwa Sabon Gari har cikin birnin Zariya, ana ƙara samun masu son a ɗauki hoton mahaifinsu, ko na ranar aurensu, ko na wani malami da zai yi ritaya, a mayar da shi zane mai kama da na fenti, a buga shi a kan kanbas, wato yadi mai kauri da ake zane a kansa, a rataye a falo ko a ofis. Sana'a ce da matashi zai iya farawa da kwamfuta ɗaya da ƙaramin allon zane, wani ma da wayar hannu kawai. Sai dai akwai abin da ya kamata ya sani tun kafin ya sayi kayan aiki: manhajojin da ke sauya hoto da taɓawa ɗaya suna cikin wayar kowa, kuma babu wanda zai biya kuɗi mai kauri a kan abin da ƙaninsa zai yi masa kyauta cikin minti ɗaya. Abin da ake saya a wurin mai zane shi ne idonsa da hannunsa, wato sanin abin da za a bari a hoton, da abin da za a cire, da yadda za a fito da kamannin mutum har danginsa su gane shi tun daga bakin ƙofa.

Rabin aikin yana ƙarewa ne a wurin zaɓen hoto. Idan mai aiki, wato wanda ya ba da aikin zanen, ya turo hotuna, kada a karɓi wanda ya fi so ido rufe, a nemi guda uku ko huɗu a duba wanda haske ya faɗo wa fuskar daga gefe guda, domin inuwar da ke gefen hanci da ƙarƙashin ido ita ce ke ba fuska tudu da kwari. Hoton da aka ɗauka da hasken filasha kai tsaye yakan baje fuska, wanda kuwa aka ɗauka da tsakar rana yakan cika ramin ido da duhu. Hasken hantsi da na bayan la'asar sun fi dacewa, kuma a lokacin hunturu, da hazo ke dusashe launi, sai mai zane ya shirya dawo da ƙarfin launin da hannunsa. A roƙi mai aiki ya turo hoton ta WhatsApp a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba, saboda manhajar tana matse hoto ta rage masa inganci. Idan tsohon hoton takarda ne, irin na kakanni da aka ɗauka a situdiyo, a kai shi sikana, na'urar da ke kwafar takarda zuwa kwamfuta, a ɗauke shi a kan ɗigo 600 a kowane inci (yawan ɗigo shi ne ma'aunin tsabtar hoto), maimakon a ɗauke shi da waya ta cikin gilashin firam.

A nan ne kuma ake tambayar wanda ya ɗauki hoton. A ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, hoto aiki ne mai kariya, kuma a bisa asali haƙƙinsa na wanda ya ɗauke shi ne, sai dai in akwai wata yarjejeniya. Saboda haka hoton hawan Sallah mai kyau da aka gani a Facebook ba dukiyar da aka tsinta ba ce. A nemi mai shi a yi magana da shi, ko mai zane ya fita da kyamararsa ya ɗauki nasa, wanda shi ya fi kwanciyar hankali idan ana son buga kwafi da yawa don sayarwa.

Batun kayan aiki ba ya bukatar dogon bayani. Krita da GIMP manhajoji ne na kyauta da ke aiki a kwamfuta, kuma Krita an gina ta ne musamman domin zane. Photoshop ana biyan kuɗinta wata-wata ko shekara-shekara, Procreate kuwa ta masu iPad ce, yayin da ibisPaint ke aiki a wayar Android da iPhone. Allon zane mai alƙalami na Huion ko XP-Pen ko Wacom, ko da ƙarami ne, ya fi linzamin kwamfuta nesa ba kusa ba, domin yana jin nauyin hannu, layi ya yi kauri idan an danna, ya sirance idan an sassauta. Mai farawa ba ya bukatar fiye da haka.

Kafin a ja layi ko ɗaya, a tambayi girman da za a buga, a buɗe shafin aiki a kan wannan girman. Takardar A4 a kan ɗigo 300 a kowane inci tana bukatar fiksel, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto a kwamfuta, 2480 da 3508, A3 kuma fiksel 3508 da 4961. Babban kanbas da za a riƙa kallo daga nesa, kamar mai santimita 60 da 90, ɗigo 150 ma ya ishe shi. Hoton wayar da ke da megafiksel 12, wato fiksel miliyan 12, ba zai wuce kimanin santimita 34 da 25 ba idan ana son ya fita tsaf a kan ɗigo 300, amma a nan zane ya fi hoto, domin tunda kowane shafin burushi sabo ne, ana iya faɗaɗa ƙaramin hoto ya zama jagora kawai, a zana a kansa da cikakken girma.

Manhajojin zane suna aiki da leya-leya, kamar farar ledar da ake ganin abin da ke bayanta an jera ta wata a kan wata, kowace da abin da aka zana mata. A sa hoton a leyar ƙasa, a rage masa ƙarfi zuwa kusan rabi, a buɗe sabuwar leya a samansa a zana manyan layuka: kewayen kai, layin ido, ƙasan hanci, tsagar baki, faɗin kafaɗa, da yadda hula ko ɗankwali ya zauna. Da zarar layukan sun tsaya, a ɓoye hoton daga ƙarƙashi a mayar da shi gefen sikirin ana kallonsa. Wannan mataki shi ne ke raba mai zane da mai shafe hoto, kuma ina ganin duk wanda ya kasa rabuwa da hoton a wannan gaɓa zai daɗe bai samu hannunsa na kansa ba.

Daga nan a shimfiɗa haske da duhu da toka-toka kafin a taɓa launi, da babban burushi, ba tare da an kusanto da hoton ba. Mataki huɗu ko biyar tsakanin fari da baƙi sun isa. Idan fuskar ta yi kama da mai ita a wannan matakin, za ta yi kama da shi har ƙarshe, idan kuma ba ta yi ba, babu yawan gashin ido ko kyallin leɓe da zai gyara ta. A riƙa juya zanen hagu zuwa dama lokaci zuwa lokaci, wanda a Krita harafin M ke yi, saboda ido yana sabawa da kuskure, juyawar kuma takan tona karkacewar ido ko muƙamuƙi nan take. A riƙa adana aiki a kai a kai, musamman ga mai amfani da kwamfutar tebur, tunda wuta ba ta sallama idan za ta tafi.

Wurin da ya cancanci a daɗe shi ne launin fata. Yawancin filtocin waya suna haskaka fata su goge ta sumul, har dattijon da aka sani wankan tarwaɗa ko baƙi ya fito fari sol babu ko layi ɗaya a goshi. Wannan ba girmamawa ba ce, sauya mutum ne. Baƙar fata ba launi ɗaya ba ce: a kumatu da goshi akwai ja-ja da ruwan ƙasa mai ɗumi, a inda hasken sama ya sauka akwai shuɗi-shuɗi, a ƙarƙashin haɓa kuma launin riga yakan haska. Kada a yi inuwa da baƙi zalla, a yi ta da ruwan ƙasa mai duhu da aka ɗan surka da ja ko shuɗi. Tsagar gado, da tabon sallah, da furfurar gemu, da wushirya, duk suna cikin kamannin mutum, kuma ba a cire su sai mai aikin ya nema da bakinsa. Idan mai aiki ya ce a ƙara masa haske, a nuna masa samfuri biyu ya zaɓa, sau da yawa idan ya ga na gaskiyar an yi shi da kyau shi yake ɗauka.

Haka tufafi. Aikin babbar riga yana da tsari, aska biyu daban, aska takwas daban, kuma wanda ya san riga zai gane idan an cakuɗa su. Naɗin rawani yana da ma'ana, musamman a garin sarauta irin Zazzau, don haka kada a ƙara wa rawani kunnuwa ko a rage su don neman kyau. Saƙar hula, da zanen lalle a hannun amarya, da kwalliyar doki ranar hawa, wurare ne da manhajar ƙirƙirarriyar basira kan ruɗe ta ƙirƙiro abin da babu shi, mai zanen da ya tashi yana ganinsu kuwa ba zai ruɗe ba. Ba sai an zana kowane zare ba, a fito da aikin wuya da na aljihu sosai, a bar sauran rigar da manyan shafe-shafen burushi. Bayan mutum kuma, inda galibi ake samun kujerun roba da wayar lantarki da kafaɗar wani, a share shi gaba ɗaya a sa launi mai laushi wanda ba zai yi gasa da fuska ba.

Launin da ke sikirin haske ne, wanda ke kan kanbas kuwa tawada ce, shi ya sa bugu yakan fito da duhu fiye da yadda aka gani a kwamfuta, shuɗi da kore masu kyalli kuma su dusashe. A tambayi mai bugu ko RGB, tsarin launin sikirin, yake karɓa ko CMYK, tsarin launin tawada, a kai masa fayil na TIFF ko PNG ko JPEG mai cikakken inganci, a ajiye na asali mai leyoyi a gida. Kafin a buga babba, a yanko yankin fuska a buga shi a ƙaramar takarda a duba shi a hasken rana. A tabbatar kuma kanbas na gaske ne, ba ledar bana irin ta tallan siyasa ba, domin wannan tana ƙyalli kuma ba ta dace da falo ba. Idan za a ɗaure kanbas a katako, a bar ƙarin santimita huɗu ko biyar a kowane gefe don naɗewa, kada hular mutum ta tafi bayan firam.

Game da kasuwa, ya kamata mai zane ya san garin da yake ciki. Akwai gidaje da yawa a Zariya da ba sa rataye hoton mutum ko na dabba saboda fahimtarsu ta addini, kuma ba aikin mai zane ba ne ya yi musu gardama. Aikinsa shi ne ya tanadi abin da zai shiga irin waɗannan gidaje: Ƙofar Doka da ragowar ganuwa, dutsen Kufena da damina, zayyanar bangon fada, da bakan gizon ginin Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a wajajen shekarun 1830. Irin waɗannan zane-zane suna da wata riba, domin hoton mutum sau ɗaya ake sayar da shi, na ƙofar gari kuwa ana iya buga shi sau hamsin, kuma Zazzagawan da ke zaune a Abuja da Legas da ƙasashen waje, da tsofaffin ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, suna son abin da zai tuna musu garin. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a nan. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin da daga baya ta zama jami'ar, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a kan cewa za a karɓi dabarun Turawa amma a zana abin gida da su.

A talla, bidiyon yadda aka yi aikin ya fi hoton da aka gama jan mai saye, domin shi ne shaidar cewa hannu ne ya yi. Procreate da ibisPaint suna naɗar aikin da kansu, Krita ma tana da wurin naɗa. A taƙaita shi zuwa rabin minti a sa a sitatus na WhatsApp da Instagram da TikTok, tare da hoton zanen a rataye a bango domin a ga girmansa. Abin da za a ɗora a intanet a rage masa girma a sa masa suna da lambar waya a kusurwa. Kada a tallata hoton kowa, musamman na matan aure da amare da yara, sai da izinin masu shi. Idan kuma an yi amfani da filta ko ƙirƙirarriyar basira a wani ɓangare na aikin, a faɗa wa mai saye, a kuma bambanta farashinsa da na zanen hannu. A lura da lokutan da ake neman kyauta: bukukuwan aure, naɗin sarauta, bikin yaye ɗalibai, da walimar ritaya, a fara tuntuɓar kwamitocin da ke shirya su da wuri, domin su ne ke haɗa kuɗi su sayi babban aiki.

Wurin yanke farashi, a lissafa awannin da aikin ya ci, da kuɗin bugu da firam, da data da man janareta, da kuɗin kai kaya, sannan a ɗora ladan hannu. Fuska biyu ba farashin fuska ɗaya ba ne, aikin gaggawa ma haka. A karɓi kafin alƙalami, aƙalla rabin kuɗin, kafin a fara, a rubuta a saƙo girman zanen da ranar bayarwa da adadin gyaran da aka amince, wanda sau biyu ya wadatar. A tura wa mai aiki ƙaramin samfuri mai tambari ya amince da shi a rubuce kafin a je wurin bugu, tunda abin da aka buga ba ya gyaruwa. Idan za a aika Kaduna ko Kano ko Abuja a mota, a cire gilashi daga lissafi, a naɗe kanbas ɗin fuskar zanen tana waje, a zura shi cikin bututun roba irin na famfo a toshe bakinsa biyu, sannan a tura wa mai kayan lambar direba da ta motar.