Yadda Ake Gudanar da Binciken Tilas na Kwamfuresar Injin Jirgi Mai Farfela

Injin tabofurof, wato injin tarbain da ke juya farfela, yana aiki ne da iskar da ya zuƙa ya matse ta sosai kafin ya haɗa ta da mai ya ƙona. Ɓangaren da ke yin wannan matsar shi ne kwamfuresa, kuma ita ce ke fara cin karo da duk abin da injin ya haɗiya, ko ƙura ce, ko tsakuwa, ko ƙanƙara, ko tsuntsu, ko wani guntun waya da aka manta a bakin injin. A ƙananan injinan PT6A na kamfanin Pratt & Whitney Canada, kwamfuresa tana juyawa kusan sau 37,500 a minti ɗaya idan ta kai cikakken gudu, alhali ita farfelar ba ta wuce sau 2,200 ko kusa da haka. A irin wannan gudu, ɓantarewar da da ƙyar farce zai ji ta a gefen ɗaya daga cikin ƙananan fikafikan ƙarfe na kwamfuresa tana iya zama mafarin tsaga, tsagar kuma ta ci gaba da tafiya a duk tashi da sauka har fiffiken ya ɓalle ya bi ta cikin sauran. Wannan ne dalilin da ya sa hukumomi ba sa barin irin wannan bincike ga ra'ayin mai jirgi.

Abu na farko shi ne mai bincike ya tabbatar da irin injin da ke gabansa, domin inda ake leƙawa da abin da ake iya gani sun bambanta ƙwarai. PT6A, wanda ke kan jirage irin su Cessna Caravan da King Air da Twin Otter, yana shan iska ne ta baya, ta cikin wata raga da ta kewaye injin, kuma a ƙananan nau'o'insa akwai matakai 3 na fikafikai masu tura iska a miƙe, sannan impela guda, wato faifan da ke watsa iska gefe. Manyan nau'o'in kuwa matakai 4 ne da impela. TPE331 na Honeywell impela 2 ce kawai gare shi, kuma shaf ɗaya ne, wato sandar ƙarfe mai juyawa, ya haɗa su da akwatin giyar farfela da kuma tarbain, faifan da iskar ƙuna mai zafi ke juyawa. PW127 da ke kan ATR 72 shi ma impela 2 gare shi, amma kowacce a kan nata shaf. AE 2100 na Rolls-Royce kuwa matakai 14 ne a jere. Wanda ya saba da ɗaya daga cikinsu bai kamata ya ɗauka cewa ya san sauran ba.

Karanta umarnin kafin a ɗauki sifana

Binciken tilas yana fitowa ne galibi daga takardar umarnin lafiyar jirgi da ma'aikata ke kira AD. Bisa tsarin Ƙari na 8 na yarjejeniyar ICAO, wato hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ƙasar da aka tsara injin a cikinta ita ce ke fitar da bayanin tilas, ƙasar da jirgin ke da rajista kuma ta karɓa ta ɗora wa masu jiragenta. Don haka umarnin injinan Pratt & Whitney Canada daga hukumar sufuri ta Kanada yake farawa, lambarsa kuma tana farawa da CF, na Honeywell daga FAA, hukumar jiragen sama ta Amurka, ƙarƙashin Kashi na 39 na dokokinta, na injinan Tarayyar Turai kuma daga EASA, hukumar lafiyar jiragen sama ta Tarayyar. Akwai kuma sanarwar da kamfanin da ya ƙera injin ke fitarwa, wadda ake kira SB. Ita wannan shawara ce ta masu ƙira, ko da an rubuta mata cewa ta gaggawa ce, sai dai da zarar AD ya ambace ta, ko ta shiga cikin tsarin gyaran da hukuma ta amince wa kamfanin jirgin, to ta zama dole. A kula da bugun da umarnin ya ambata. Idan ya ce a bi bugu na biyu na sanarwar, ba a ɗauko na uku don ya fi sabo sai idan umarnin da kansa ya ba da wannan dama.

Daga nan sai a duba ko umarnin ya shafi wannan injin. Ana karanta nau'i da lambar siriyal daga farantin da ke jikin injin, sannan a gwada da littafin tarihinsa, domin injina suna sauya jirage, sassa kuma suna sauya injina. Sau da yawa abin da ake nema ba injin ba ne gaba ɗaya, wata impela ce ko wani faifai mai takamaiman lamba, wanda wataƙila an ɗaura shi a lokacin babban gyaran da aka yi shekaru da suka wuce. Akwai wani ruɗani da ya kamata a kiyaye a nan: a injin PT6A akwai tarbain da ke juya kwamfuresa, sunanta ma yana ɗauke da kalmar kwamfuresa, amma a ɓangaren zafi take, bayan ɗakin ƙuna, kuma bincikenta daban ne. Mai karatu da gaggawa yana iya duba tarbain ɗin alhali kwamfuresa aka nema.

Wa'adi shi ne inda aka fi yin tuntuɓe. Ana ƙidaya shi da awannin tashi, ko da zagaye, wanda a taƙaice shi ne kunna injin da tashi da sauka sau ɗaya, ko da kwanaki. A ɗauka misali umarni ya ce a bincika cikin awa 100 ko kwana 30, duk wanda ya riga cika. Jirgin da ke yin awa 6 a rana zai cinye awanninsa a rana ta 17, wanda ke ajiye kuwa kwanakin ne za su kama shi ko da bai tashi ba. Jirgin da ke gajerun zango yana tara zagaye da sauri fiye da yadda awanninsa ke nunawa, kuma zagaye shi ne ke gajiyar da faifai da impela. Idan wa'adi ya cika jirgin yana inda babu kayan aiki, ba a tashi da shi haka kawai. Sai an nemi izinin tashi na musamman zuwa wurin gyara, wasu umarnan ma sun hana hakan. Wanda yake da wata hanya dabam ta cika sharaɗin sai ya nemi amincewar hukuma a rubuce tukuna.

Ba AD kaɗai ke wajabta bincike ba. Littafin gyara yana da sashe na binciken da ba a tsara ba, wanda ake yi bayan karo da tsuntsu, ko haɗiyar wani abu, ko farfela ta daki ƙasa, ko injin ya wuce gudun da aka iyakance masa, ko matuƙi ya ba da rahoton ƙarar fashewa da tangal-tangal na iska a cikin injin.

Shiri da dubawa

Kafin a buɗe komai, yana da kyau a duba bayanan aikin injin na makonnin baya. A PT6A, idan a kan ƙarfin juyi iri ɗaya zafin da ke tsakanin tarbain ya ƙaru, shan mai ya ƙaru, gudun kwamfuresa ma ya ƙaru, hankali yana komawa kan kwamfuresa; idan kuwa zafi ya hau amma gudun ya sauka, an fi zargin ɓangaren zafi. Sauyin da ya zo a hankali datti ne ko zaizayewa, wanda ya zo dare ɗaya kuwa yana nuna an haɗiyi wani abu.

Sai a bar injin ya huce, a kashe wuta, a cire abin katse lantarki na kunnawa da na tartsatsi a rataya musu alama, domin akwatin tartsatsi yana riƙe cajin da zai iya kashe mutum ko bayan an kashe wutar. A ƙirga kayan aiki kafin a fara, a cire biro da kuɗin ƙarfe daga aljihun gaba. Idan littafin ya nemi a wanke kwamfuresa kafin dubawa a wanke, domin datti yana rufe tsaga, amma idan ana zargin tsuntsu ne ko wani abu aka haɗiya, a fara ɗaukar hoto da samfurin abin da ya maƙale kafin ruwa ya tafi da shaidar.

A PT6A ana cire ragar shan iska a duba ta da kanta, ko waya ta tsinke ko wani abu ya maƙale, sannan da tocila mai ƙarfi da madubi a ga matakin farko na fikafikan. Juya farfela ba ya juya kwamfuresar wannan injin, tun da ba shaf ɗaya suke ba, don haka ana juya ta ne ta hanyar da littafin ya nuna, yawanci ta akwatin giyar kayan haɗi. A TPE331 kuwa juya farfela da hannu yana juya komai, kuma kunne yana taimakawa: ƙarar gogayya tana nuna bakin impela yana taɓa murfinta. A zaɓi fiffike ɗaya a matsayin na farko a riƙa ƙirgawa har a dawo kansa, a san adadin da ya kamata a samu, don kada a tsallake wani ko a duba ɗaya sau biyu. Idan za a yi alama, a yi da abin da kamfani ya amince da shi kaɗai. Fensir na gama-gari haramun ne a jikin sassan injin tarbain, haka nan kayan aikin da aka shafa wa kadmiyam da ruwan wanki mai kulorin suna cutar da titaniyam.

Matakan ciki sai da boreskof, wato na'urar leƙe mai siririn bututu da kyamara a baki. Ana zura ta ne injin yana tsaye, ana janye bakinta kafin a juya, in ba haka ba fiffike ya datse ta, aikin rabin yini ya koma sauke injin. Kyamarar tana ƙara girman abu gwargwadon kusancinta, har ɗigon datti ya yi kama da rami, saboda haka ba a yanke hukunci da hoto sai an auna, ko da ma'aunin da ke cikin na'urar ko ta gwadawa da wani abu a wurin da aka san girmansa.

Lahani iri-iri ne, kuma kowanne da sunansa a littafin. Ɓantarewa tana da kaifin gindi, lotsawa kuwa gindinta a shafe yake, shi ya sa ta farko ta fi haɗari ko da ba ta kai ta biyu girma ba. Zaizayewar yashi tana sirantar da gefen gaba har ya yi kaifi kamar aska ta kuma rage faɗin fiffiken. Tsatsar gishiri tana barin ƙananan ramuka. Akwai lanƙwashewar baki, akwai alamar gogayya a jikin murfi, wani lokacin da sauyin launi na zafi. A ganina abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne wurin da lahanin yake. Littafin gyara, a sashen kwamfuresa na babi na 72, yana raba fiffike yanki-yanki, kuma abin da aka yarda da shi kusa da baki ba a yarda da shi kusa da gindi, inda nauyin juyi ya fi taruwa. Tsaga kuwa, a kusan kowane littafi, ba ta da girman da aka yafe.

Hukunci da rubutu

Bayan awo, sakamako uku ne. Ko lahanin yana cikin iyaka a bar shi a rubuta, wani lokaci tare da sharaɗin sake dubawa bayan wasu awanni; ko ana iya gyara shi a wurin; ko a sauke injin a kai shi wurin da aka ba izinin buɗe shi. Gyaran wuri shi ne a goge ɓantarewar da ƙaramin magagari da dutsen wasa har ta zama lallausan kwari marar kusurwa, ana gogawa a tsawon fiffiken, ana kiyaye zurfi da faɗin da littafin ya ƙayyade da kuma yawan fikafikan da aka yarda a taɓa a mataki ɗaya, tun da cire ƙarfe yana shafar daidaiton juyi. Sau da yawa ana bin sa da gwajin ruwa mai ƙyalli a ƙarƙashin fitila ta musamman, ko gwajin lantarki mai gano tsagar da ido ba ya gani, kuma wannan aikin wanda ke da shaidar ƙwarewa a kansa ne kaɗai ke yin sa. Idan awon ya faɗo daidai kan iyaka ko hoton bai fito sarai ba, a aika wa kamfanin injin a jira amsa a rubuce.

Duk wanda ya ga rauni a matakin farko ya tambayi kansa inda abin da ya yi raunin ya tafi, da kuma inda ya fito. Ya bi shi zuwa matakan baya da bawul ɗin sakin iska da ɗakin ƙuna da tarbain, ya duba matatar man injin da toshen maganaɗisu ko akwai ɓurɓushin ƙarfe, sannan ya koma hanyar shan iska ya nemi ƙusar da ta ɓace ko ƙyauren ware tarkace da ba ya aiki. Idan ba a gano tushen ba, sabon fiffike ma zai sha irin dukan da tsohon ya sha.

A ƙarshe a mayar da raga da murafe, a ɗaure kowace ƙusa da ma'aunin ƙarfin da aka rubuta, a sa wayar kulle, a sake ƙirga kayan aiki, sannan a tayar da injin a ƙasa idan littafin ya nema. A littafin tarihin injin ana rubuta lambar AD da bugunsa, da sakin layin da aka bi, da hanyar da aka bi, da abin da aka gani tare da awonsa da lambar fiffiken, da awanni da zagayen injin a ranar, da sa hannu da lambar lasisin wanda ya sake shi ga aiki. Wasu umarnan suna neman a aika rahoton sakamako ko da ba a ga komai ba, babban lahani kuma yana da wa'adin kai rahoto na kansa, awa 72 a tsarin EASA, awa 96 ga wuraren gyara da ke ƙarƙashin FAA. Idan binciken mai maimaituwa ne, a lissafa ranar ko awar da zai sake cika a shigar da ita cikin jadawalin jirgin tun kafin a rufe takardar, a kuma adana hotunan boreskof tare da ita domin wanda zai duba a karo na gaba ya sami abin gwadawa.