Darasi na 7: Kafa Tsarin Safiya Kaɗan-Kaɗan

Da yawanmu kan kwanta da niyyar gobe za mu tashi da wuri, mu motsa jiki, mu yi karatu, mu gyara ɗaki, duk a safiya guda. Kafin a yi kwana uku abin ya watse, domin kayan sun yi yawa. A wannan darasi abu ɗaya tak za mu ɗauka, mu bar shi ya zauna da gindinsa kafin mu ƙara wani.

Shirin dare

Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9. Idan ƙarfe 6 kuke son tashi, to ƙarfe 10 ko 11 na dare ya same ku a kwance. Wanda ya saba tashi 7:30 kada ya ce gobe sai 6. Ya rage minti 15, ya yi kwana uku ko huɗu a haka, sannan ya sake ragewa. Lokacin tashin ya zama ɗaya kullum, har ranar hutu, saboda jiki yana da nasa agogon, kuma yawan canji yana rikita shi. Idan da waya kuke saita ƙararrawa, ku ajiye ta inda sai kun miƙe za ku kai gare ta.

Da kun farka

Magagin barci yakan ɗauki minti 15 zuwa 30 kafin ya sake mutum. Wannan ba ciwo ba ne, kuma ba ya nuna cewa barcin bai isa ba. Komawa shimfiɗa don ƙarin minti biyar yana iya daɗa nauyin jikin. Ku buɗe taga ko labule nan take: haske yana rage sinadarin melatonin, wanda shi ne ke sa jin barci.

Jingina sabon abu ga tsoho

Nan ne gaɓar da ta fi muhimmanci. Ku nemo abin da kuke yi kowace safiya ba tare da tunani ba, kamar wanke fuska ko goge baki, ku jingina masa sabon aikin. Ku faɗe shi dalla-dalla: "Da na wanke fuska, zan zauna in karanta layi uku." Cewa "zan riƙa karatu da safe" bai wadatar ba, don bai faɗi yaushe ba, bai faɗi nawa ba.

Aikin kada ya wuce minti biyu a farko. Layi uku kamar wasa ne, amma dalilin ke nan da za ku iya yinsa ko ranar da kuka makara, ko yaro ya kwana yana kuka. Tun da dare ku ajiye littafin a buɗe kan kujerar da za ku zauna, fensir a tsakiyarsa. Idan sai an neme shi da safe, ba za a karanta ba.

Sai yaushe zai zama jiki?

An saba cewa kwana 21 ya isa, amma bincike bai nuna haka ba. A 2009, Phillippa Lally da abokan aikinta na jami'ar University College da ke Landan sun fitar da sakamakon bibiyar mutum 96 da suka yi na mako 12. A tsaka-tsaki, kwana 66 sabon aiki ya ɗauka kafin ya zama jiki. Wasu kwana 18, wasu kuma lissafi ya nuna sai 254. Sun kuma ga cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe abin da aka gina. Don haka in kun rasa yau, gobe ku ci gaba daga inda kuka tsaya, ba sai kun rama ba.

In abin ya ƙi kamawa har mako biyu, ku duba: ko aikin ya yi girma, ko abin da kuka jingina masa ba kullum kuke yinsa ba, ko waya ce ke cinye muku dare. Mai aikin dare ya ɗaura tsarinsa ga lokacin farkawarsa, ko da rana tsaka ne. Kada ku ƙara aiki na biyu sai kun ga kuna yin na farko ba tare da kun tuna wa kanku ba.

Aikin gida

Ku cike wannan jimla a littafinku: "Da na ______, zan ______." Ku zana gidaje bakwai a ƙasanta, ku sa alama a gida ɗaya duk safiyar da kuka yi, ku zo da shi aji mako mai zuwa.