Yadda ake ɗaura tsohon lens a kyamarar mirrorless da adafta

Tambayar nan ta yi yawa, to ga shi a taƙaice. Mirrorless ita ce kyamarar da ba ta da madubi a ciki, adafta kuma zobe ce da ke haɗa lens da kyamara in bakinsu ba iri ɗaya ba ne.

1. Duba bakin lens ɗinka da na kyamara. Lens ɗin Canon mai bakin EF zuwa kyamara mai bakin RF, adaftar EF-EOS R ce. Nikon F zuwa Z kuma FTZ.
2. Kashe kyamarar.
3. Goge ƴan ƙarafan adaftar masu ruwan zinare da busasshen ƙyalle.
4. Ɗaura adaftar a lens, ɗigon da ke jikin adaftar ya dace da ɗigon da ke jikin lens.
5. Murɗa a hankali sai ka ji ƙas. Don Allah in ya cije kar ka matsa da ƙarfi, a nan ake lanƙwasa fil wallahi, cire ka sake.
6. Ɗaura su a kyamara.
7. Mayar da makunnin lens kan AF, wato fokas da kansa.
8. Kunna, ka danna maɓallin ɗauka rabi don ka ga ko zai yi fokas.

Masu Nikon ku lura, tsofaffin lens masu suna AF-D ba sa fokas da kansu a FTZ, sai da hannu.