Yadda Ake Shirya Wasan Gano Nasaba a Taron Dangi

Ka tambayi yaro ɗan shekara 15 sunan kakan babansa, sai ka ga yana sosa ƙeya. Na wajen uwa kuwa ba a ma magana. Alhali hadisi ya hore mu da mu san nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi. Matsalar ita ce in ka zaunar da yara kana karanto musu salsala, kafin ka kai kaka na uku kowa ya koma kan wayarsa. Amma ka ce gasa ce, kuma akwai kyauta, ka ga yadda za su riƙa bin tsofaffi da tambaya.

Fara da zaɓen rana. Washegarin Sallah ko ranar taron zumunci, bayan la'asar, an ci an ƙoshi. Ka tanadi kwali yankakke ƙanana-ƙanana, alƙalami, tabarma biyu ko uku, tsofaffin hotuna, da waya ɗaya cike da caji don ɗaukar murya.

Sai rabon ƙungiyoyi, kuma nan ne wurin da ya fi buƙatar lura. Kada ka kuskura ka raba ɗaki-ɗaki. Da zarar 'ya'yan uwargida sun tsaya gefe, na amarya gefe, wasa ya ƙare, 'yan ubanci ya shigo. Gauraya su: kowace ƙungiya ta samu yaro, matashi, matar aure, da tsoho ko tsohuwa ɗaya. Haɗa taubasai wuri guda, ka haɗa jika da kakarsa, tunda dama akwai wasa tsakaninsu, bakinsu ba zai yi nauyi ba.

Wasan farko shi ne jeri. Rubuta sunan mutum ɗaya a kowane kwali, tun daga kakan da aka fi sani har jariran bana. Ba kowace ƙungiya saiti ɗaya, a ba su minti 15 su jera a tabarma: wa ya haifi wa, wa ya auri wa. Duk kwalin da ya rasa mazauni a ajiye shi gefe, shi ne abin nema a wasa na gaba. Za ka lura yawancinsu sunayen mata ne.

Na biyu shi ne aike. Kowace ƙungiya ta je wurin wani dattijo da tambaya uku: daga wane gari aka taso, mece ce sana'ar gadonmu, ƙira ce ko rini ko fatauci, kuma wane irin zane kakanni ke da shi a fuska? Kada yara su tambayi shekarar haihuwa, ba za su samu amsa ba. Su ce, “Kaka, lokacin da aka kashe Sardauna kin yi aure?” Wannan 1966 ke nan. Komawa tuƙi hannun dama 1972 ne, naira kuma ta maye gurbin fam a 1973. Da irin waɗannan ake ƙiyasta shekaru. A kuma gaya musu tun farko cewa tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ko ɗanta na fari ba, alkunya ce. Sai su nemi goggo ko kawu su cike gurbin.

In da sauran lokaci, a yi na laƙabi. A kira suna, ƙungiyar da ta faɗi dalilinsa ta ci maki: Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Audi bai tarar da mahaifinsa a raye ba. Suna guda kan tono tagwayen da suka rasu suna jarirai har aka manta da su.

Rikicin gado, dalilin mutuwar aure da maganar asalin da wani zai ji ciwo, a bar su waje. In dattijo ya yi shiru a kan wata tambaya, a wuce.

Kafin a naɗe tabarma, a ɗauki hoton jerin da tsofaffi suka amince da shi, mutum ɗaya ya kwafe a littafi a daren nan, a tura zauren WhatsApp na dangi domin na nesa su gyara. Kwalayen da har yanzu ba su sami mazauni ba, a zuba su a ambulan a damƙa wa wanda zai je ƙauye nan kusa.