Kalmomin dokar hanya da gwajin barasa da direbobinmu ke rikitawa

Ka zauna a tashar Kawo ko ta Mando a Kaduna ka saurari hirar direbobi, za ka tarar yawancin rigimarsu da jami'an hanya daga rashin fahimtar kalma take farawa. Abin yana damuna, domin kuskuren kan ci kuɗi, wani lokaci ma ya ci rai.

Na farko, "lasisi". Jami'in hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ya ce kawo lasisi, sai mutum ya miƙa takardar mota. Ai biyu ne. Lasisin tuƙi naka ne, shi ke nuna an yarda ka tuƙa, kuma yana da aji: A na babur, B na ƙaramar mota. Lasisin mota kuwa na motar ne, ana sabunta shi duk shekara. Takardar lafiyar mota daban, inshora daban. Inshorar da doka ta wajabta, wadda ta koma naira 15,000 ga motar gida tun Janairun 2023, ba motarka take gyarawa ba, wanda ka yi wa ɓarna take biya. Mai Keke Napep da ɗan acaɓa su ma kada su ce dokar ta masu mota ce. Duk abin hawa mai inji tana hawansa.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne gwajin numfashi, wato hura iska cikin na'ura don a auna barasa. Wasu sun ɗauka wari na'urar take shinshinawa, shi ya sa suke tauna goro, cingam ko tafarnuwa kafin su iso shinge. Aikin banza ne. Barasa tana shiga jini, jinin ya ratsa huhu, wani ɓangarenta ya biyo iskar da kake fitarwa. Wannan iskar ta can cikin huhu ake aunawa, shi ya sa ake cewa ka hura da tsawo. Shayi mai kauri ko wanka da ruwan sanyi ba sa rage komai. Hanta ce ke ƙona barasa, kuma a hankali take yi, har wanda ya sha da tsakar dare kan wayi gari da saura a jininsa.

Sai masu cewa "ai ban bugu ba". Laifin sunansa tuƙi cikin tasirin barasa ko ƙwaya, ba sai kana tangaɗi ba. Haka mai cewa "ni ba na shan giya", alhali yana kurɓar jiƙon maganin basir ko na ciwon baya da aka haɗa da ogogoro. Ɗan'uwa, tambayi mai sayarwa da me ya jiƙa. Burkutu ma barasa ce.

Tiramol, kodin da wiwi ba sa fitowa a wannan na'ura, amma hakan bai wanke mai shan su ba, laifin ɗaya ne.

Idan kuwa ka tabbata ba ka sha komai ba sai ruwan kurkure baki mai barasa, kada ka yi gardama ko ka ƙi hurawa. Ka faɗa wa jami'in cikin ladabi, ka roƙi a dakata kamar minti 15 zuwa 20 a sake gwadawa, domin abin da ya maƙale a baki kan gushe cikin wannan lokaci.